Fuskar Inna a Ƙarshen Tsakar Gida

Akwai haƙƙin da ya hau kaina a ƙarshen shekarar 1969, kuma ina so 'ya'yana da jikokina su sani, a rubuce, cewa na sauke shi cikakke. Kakana na wajen uba, wanda mutanen Zangon Kumasi ke kira Alhaji Mai Goro, shi ya ɗora mini shi a gaban mutanen gida, cikin watan azumi, bayan hukuma ta fitar da dokar da ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar Gana. Ba zan tsaya bayanin dokar ba. Ra'ayina game da korar mutumin da ya haifi 'ya'ya da jikoki a gari bai canza ba, kuma na faɗe shi a wuraren da suka dace. Abin da ya shafi wannan babi shi ne, gidanmu ya yanke shawarar komawa Birnin Ƙonni, a ƙasar da tsofaffinmu suka mutu suna kiranta Faransa, ni kuwa na zaɓi zama. A Kumasi aka haife ni, ina da takardar haihuwa, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ban ga dacewar a bar gidan da Alhaji ya gina babu jininsa ko ɗaya a ciki ba. An yarda, ba da daɗin rai ba. Da aka gama maganar, sai Alhaji ya nuna kyamarar da ke rataye a wuyana.

"Tica, wannan akwatin da kake yawo da shi kamar laya, yau ranarsa ta zo. Ka ɗauke mu duka a takarda guda, kowa a inda ya saba tsayawa. Ina so wanda ya zauna ya riƙa ganin waɗanda suka tafi."

Na ce, "To, Alhaji." A zatona aikin yamma guda ne.

Dole in bayyana muku yadda gidan yake, domin ku kun tashi a gidajen da kowa ke zama a falo ɗaya, matar ɗa tana miƙa wa surukinta shayi hannu da hannu. Gidanmu dogo ne siriri. Daga zaure zuwa madafa tsakar gida ce miƙaƙƙiya, ɗakuna hagu da dama, rufin kwano ya kusa haɗe baki a sama, rana ba ta sauka ƙasa sai ta take tsaka. Kujerar Alhaji tana bakin zaure, matarsa a gefensa. Mahaifina, Malam Hamidu, yakan zauna a tabarma can baya da su. Yara suna tsakiya, wajen sandar igiyar shanya. Mata suna can ciki. A ƙarshen duka, a bakin ƙofar madafa, nan ne wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Dalili biyu suka tsayar da ita a can. Na farko, Alhaji surukinta ne. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa zama inda inuwarsa za ta kai ba, in zai wuce sai ta durƙusa ta juya fuska ga bango. Na biyu, ni ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. In tana so a kira ni sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce wa wancan na makarantar abincinsa zai huce." Kada wani cikinku ya karanta wannan ya ce ba ta so na. Kunyar ɗan fari ce, a kanta aka rene ta, kuma tsokar da ta fi girma a tukunya kullum a kwanona nake samunta, a ɓoye ƙarƙashin tuwo. Amma gaskiya ita ce, na wuce shekara ashirin ban san fuskar mahaifiyata daga gaba ba. Na san gefen kumatunta, na san ƙeyarta, na san saman ɗankwalinta.

Kyamarar tawa irin mai ido biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kai ta fuska. A ƙirji ake riƙe ta, a buɗe murfin sama, a sunkuya a duba hoton a wani gilashi mai faɗin tafin hannun yaro. A hannun wani malaminmu na kwalejin horon malamai na same ta, kuma har lokacin abin da na iya bai wuce in murɗa maɓallin gefe har fuskar mutum ta fito tar, in danna ba. Mutum guda nake ɗauka, ko biyu a jere, kuma ba a taɓa kushe aikina ba.

Bayan la'asar na tara su, lokacin da zafi ya sauka, masu azumi suka ɗan farfaɗo. Tsakar gida duk inuwa ce, saboda haka na buɗe kafar hasken kyamarar iyakar buɗewarta, kamar yadda aka koya mini in haske ya yi ƙaranci. Na matsa kusa da Alhaji, na saita shi domin shi ne babba, na danna. Na kai fim ɗin wurin Wofa Kwaku, wani Batone, wato ɗan ƙabilar Ashanti, mai shagon hoto a Ashanti New Town, wanda ke wanke mini hotuna. Wofa da Tonanci, harshensu, kawu ke nan, haka duk unguwar ke kiransa. Da na karɓo takardar na duba ta a hanya, sai da na tsaya a gindin wata bishiya. Alhaji ya fito har ana iya ƙirga gashin gemunsa. Mahaifina ya fito dishi-dishi, kamar wanda ake hangowa ta cikin ruwa. Yara sun zama tabo-tabo. Inna kuwa babu ita. Wani abu ne fari-fari a bakin ƙofa, kamar hayaƙin murhu.

Kakata, Hajiya Kande, matar Alhaji, ita ta fara karɓar takardar. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, mijinta take kirana tun ina goye. Ta juya hoton sama, ta juya shi ƙasa, ta ƙwala wa matan gida kira.

"Ku zo ku ga aikin boko! Mijin nan nawa ya kashe kowa ya bar Alhaji. Wancan farin na ƙarshe mutum ne ko zanen gado aka shanya?"

"Ke ma ba ki fito sosai ba," na ce, "saboda kin motsa baki. Ko a hoto ba ki iya shiru."

"Allah ya kiyashe mu da ƙarya cikin azumi! To uwarka fa, ita ma baki ta motsa? Wadda in kana gida ko tari ba ta yi?"

Gidan ya kece da dariya, har daga madafa na jiyo ta Inna, ƙasa-ƙasa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya miƙo mini.

"Ni na san fuskata, ina da madubi. Ba abin da na sa ka ke nan ba."

Washegari na koma wurin Wofa Kwaku. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma ba ta taɓa hana shi faɗin abin da ke ransa ba.

"Tica, wannan ba wahala. Mamanka ya tsaya nesa. Ka ce shi zo gaba, kowa layi ɗaya kamar 'yan sukul, tsoho a tsakiya, mamanka a gefensa. Fam! An gama."

"Ba za ta tsaya a gefensa ba, Wofa. Surukinta ne."

"Sun yi faɗa?"

"Ba su taɓa yi ba."

"Ei! Ku mutanen Zango! Ba faɗa, ba gaba, amma mutum ɗaya ya tsaya Kumasi, ɗaya ya tsaya Tamale, kuma kuna so su shiga hoto guda."

Shawararsa daidai ce a sana'arsa. Ya bayyana mini cewa kyamara tana da wani yanki a gabanta wanda take gani tar. Abin da ya gaza kaiwa yankin dishi-dishi ne, abin da ya wuce shi ma haka. Shi ya sa masu hoto ke jera mutane kafaɗa da kafaɗa, domin kowa ya faɗa cikin yankin. Na dawo gida na aiki Kaka ta lallaɓa Inna ko za ta matso ko da zuwa wajen yara ne. Kaka ta je ta dawo da amsa.

"Ta ce a ce wa wancan ya ɗauki waɗanda suka fito. Ita ba sai an gan ta ba."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. An riga an shirya da mai lori cewa bayan ƙaramar Salla za su tashi, kuma babu wanda ya san ko iyaka za ta sake buɗuwa ga irinmu. Na san da na kai ƙara wurin Alhaji, kalma guda zai yi ta taso ta tsaya inda aka ce, kanta a ƙasa, hawaye na zuba. Ban ga dalilin da zai sa a karya wa mace tarbiyyarta a kwanakinta na ƙarshe a gidan ba domin a sauƙaƙa wa kyamara aiki. Kuma Alhaji cewa ya yi kowa a inda ya saba tsayawa. Ko dai akwatin ya koyi ganin gidanmu yadda yake, ko Inna ta tafi ta bar ni da hayaƙi a takarda.

Wata rana da yamma ina zaune kusa da Kaka tana tsintar shinkafa, sai aka yi sallama daga zaure. Idonta ya fara rauni a lokacin. Sai na ga ta dunƙule hannu ta bar wata 'yar kafa kamar ta allura, ta kai idonta, ta leƙa.

"Mai ƙosai ce. Ku ce ta shigo."

Na tambaye ta mene ne wannan take yi.

"Tabarau na ke nan, tun da mijina ya ƙi saya mini. In na leƙa ta nan, na kusa da na nesa duk sai su tsaya wuri guda su bar rawa."

Na dunƙule nawa hannun. Na ɗaga yatsan ɗaya hannun a gabana, na hangi ƙofar madafa. Da ido tsirara, in na dubi yatsa ƙofa ta dushe, in na dubi ƙofa yatsa ya dushe. Ta cikin 'yar kafar kuwa, ga yatsa ga ƙofa, duka tar, sai dai duniya ta ɗan yi duhu. Na tuna darasin da aka yi mana a kwaleji a kan ƙwayar ido, yadda take matsewa a rana ta buɗe a duhu, na kuma tuna cewa ni da hannuna na buɗe kafar hasken kyamarata har ƙarshe ranar da na ɗauke su. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, hannu a ido, ina juyawa a tsakar gida ina leƙen kowa.

"Ga shi nan," in ji Kaka. "Azumi ya taɓa shi. Ku ajiye masa koko da yawa."

Wofa Kwaku ya tabbatar mini. Ya ce gaskiya ne, in aka matse kafar haske yankin da kyamara ke gani tar yana ƙara zurfi, gaba da baya. Amma ya gargaɗe ni.

"Ka matse ido, haske kaɗan ya shiga. Sai rana mai ƙarfi, sai mutane su tsaya kamar gunki, sai hannunka kada ya yi rawa. Ni kostoma na ba ya da haƙuri. Naka mutane suna da haƙuri?"

"Mutanen da suka yi shekaru ba su haɗa ido ba?" na ce. "Suna da shi."

Kwanakin goman ƙarshe na azumi a gwaji na ƙare su. Makaranta ta yi hutu, saboda haka kullum in rana ta take tsaka, na tattaro gwangwanayen madara na jera su tun daga bakin zaure har ƙofar madafa, kowane a wurin wani mutum. Ba ni da ƙafar da ake ɗora kyamara, sai na kife turmin gidan na ɗora ta a kai. Wannan ya jawo mini rigima da mata, domin lokacin dakan kayan shan ruwa ne.

"Ku bar shi," in ji Kaka. "Ya gaji da mutane, ya koma ɗaukar gwangwani. Gwangwani ba ya kushe hoto. Mijina, wanne ne ni a ciki? Kada ka ba ni lotsattse."

"Ga ki can, wanda ya fi ƙara in an taɓa shi."

Kowane ɗauka na rubuta yadda na saita shi a bayan ambulan, kamar yadda na saba a kowane aiki. Da hotunan gwangwanayen suka fito na jera su a teburin Wofa, sai abin ya bayyana gare ni a fili, kuma har yau ina tuna daɗin da na ji, irin daɗin da ɗalibi ke ji ranar da haruffa suka fara haɗuwa su zama magana. Na sa wa abin suna zurfin gani, domin ban sami wani suna da Hausa ba. Kafar haske in ta matse, zurfin gani ya ƙaru. Mai hoto in ya ja da baya, ya sake ƙaruwa, saboda haka sai da na janye turmin har cikin zaure. Abu na ƙarshe shi ne wanda ban zata ba. Zurfin yana miƙewa ne ta gaban inda aka saita da ta bayansa, kuma ya fi tsawo ta baya. In na saita gwangwanin farko, na yi asarar duk zurfin da ke gabansa a kan ƙasa tsura, na ƙarshe kuma bai samu ba. In kuwa na saita wajen sandar shanya, wadda ta fi kusa da zaure a kan madafa, sai na farko ya fito, na ƙarshe ma ya fito, har ana karanta rubutun jikinsa.

Da na bayyana wannan bayan shan ruwa, mahaifina bai ji daɗi ba. Mutum ne mai kiyaye girman mahaifinsa ƙwarai.

"Wato ka bar Alhaji a zaune, ka saita sanda?"

"Baba, in na saita Alhaji shi kaɗai zai fito. In na saita sandar kowa zai fito, har da shi."

"Ban taɓa jin inda aka fifita sanda a kan maigida ba."

Alhaji ya ajiye kofin kokonsa, ya goge gemu.

"Hamidu, bar yaro. In sandar ce za ta kawo mini iyalina duka, a saita sandar. Ni ba na kishi da itace."

Washegarin Salla muka yi shi. Na roƙi kowa ya maimaita kayansa na idi, kuma ban taɓa ganin gidan ya yi kyau kamar ranar ba. Kaya a ɗaɗɗaure suke cikin ɗakuna, kowa ya san abin da ke tafe, amma da aka fito tsakar gida sai abin ya zama biki. Ƙamshin turare ya haɗu da na soyayyen nama. Maƙwabta sun cika zaure a bayana suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. An ɗaure akuya an sake ɗaure ta. Ƙannena sun yi faɗa a kan wanda zai riƙe sandar shanya, tun da sun ji ita ce mai daraja. Muka zauna jiran rana kamar masu jiran babban baƙo, kowa na ɗaga kai yana duban tsakanin rufin kwano, har ta zubo ta cika tsakar gidan tun daga ƙafar Alhaji zuwa can ƙarshe.

Bakin ƙofar madafa kaɗai ya rage cikin inuwa. Kaka ta tashi ta je da kanta, ta kama hannun Inna ta gusar da ita gefe, wajen randar ruwa, inda rana ke sauka. Ba ta matso da ita gaba ko kaɗan ba. Inna ta tsaya, cikin zane mai ruwan shuni, kanta a sunkuye kamar kullum. Kaka ta dawo mazauninta ta juya ta ɗaga murya ta kira Inna da sunanta.

"Hajara, ɗago kanki. Dube shi, ai ba kallonki yake ba. Ga kansa can a ƙasa kamar mai neman gafara. Akwatin za ki duba, akwati ba ɗanki ba ne. Alhaji kuma ƙeya ya ba ki."

Gaskiya ta faɗa. Ina durƙushe a bayan turmi, kaina a sunkuye cikin murfin kyamara, yadda ya dace ɗa ya kasance a gaban mahaifiyarsa. Gilashin da nake dubawa ba ya nuna aikin matsewar kafar haske. Kullum a buɗe yake gani, abin da aka saita kaɗai ke fitowa a cikinsa. Ina buƙatar in tabbatar rana ta sauka a fuskarta, saboda haka na murɗa maɓallin har ƙarshe. Alhaji ya narke, mahaifina ya narke, yara suka narke, can a ƙarshen gilashin wata 'yar fuska ta taso, ta tsaya tar, tana dubana. Zanen da na sani a kumatu ɗaya ashe yana da ɗan'uwa a ɗayan. Goshinta mai faɗi ne. Tana ƙoƙarin danne dariyar maganar Kaka, leɓenta ya ɗan buɗe, sai na ga tana da wushirya. Shekara ashirin da wani abu ina cin abincin hannunta ban san mahaifiyata na da wushirya ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

"Mijina ya mutu a durƙushe ne?" in ji Kaka. "Rana na cin mu!"

Na mayar da maɓallin kan sanda. Fuskar ta sake dushewa a gilashi, kuma a nan sai da na dogara ga abin da gwangwanaye suka koya mini, ba ga abin da idona ke gani ba. Na matse kafar haske har ƙarshe. Na ce kowa ya yi bisimilla ya riƙe numfashi. Gidan da bai taɓa yin shiru ba ya yi tsit, har ana jin akuya na tauna igiya. Na danna, na sake dannawa, har fim ya ƙare. Da na ɗago na ce an gama, wata cikin mata ta rangaɗa guɗa, yara suka ruga da gudu, Inna kuwa ta riga ta shige madafa.

Wannan karon ban bar wa Wofa Kwaku fim na tafi ba. Na shiga ɗakin wanki tare da shi, na tsaya ina kallon farar takarda cikin ruwan magani, mutanen gidanmu suna tasowa a kanta sannu a hankali. Da ta bushe muka fita haske, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya fara daga gemun Alhaji ya bi a hankali har ƙarshen takardar. Sai ya buga tebur.

"Tica! Mamanka ya zo! Ei, kyakkyawa ne! Daga Kumasi har Tamale, duka sun shiga!"

Ya fita bakin shago ya kira mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da shi ya zo ya gani, kamar shi ya ɗauka.

A gida Alhaji ya fara karɓa. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana kiran sunaye, da ya kai ta ƙarshe sai ya tsayar da yatsan a kanta, domin shi ma, ina zato, ranar ya fara ganin fuskar matar ɗansa sosai. Ya ce, "Madalla. Wannan shi ne gidana." Mahaifina ya duba ya ce lalle sandar ta yi ƙoƙari. Kaka ta fito a hoton bakinta a buɗe, na nuna wa kowa a matsayin shaida, ta rantse ni na buɗe shi a wurin wanki. Sannan ta ɗauki takardar ta nufi madafa. Ta daɗe a can. Da ta fito sai ta tsaya a tsakiyar gida ta yi shela.

"An ce a ce wa wancan na makarantar ya iya. An kuma ce a wanko wani, za a tafi da shi."

Ban taɓa samun takardar shaida da ta kai wannan saƙo daraja a wurina ba, kuma ina da su da dama.

Daga tashar Race Course suka tashi, a farkon sabuwar shekara, bayan jinkirin da mai lori ya yi ta yi. Ba zan tsawaita a kan ranar ba. Inna ta hau ba ta dube ni ba, ta aiko ƙanwata da ƙullin dambun nama. Na ziyarce su a Ƙonni bayan al'amura sun lafa, kuma duk zuwan da na yi, in na shiga gaishe da Inna bango take juya wa fuska, har Allah ya karɓi ranta. Na zaɓi zama a Kumasi, abin da zaɓin ya ci mini ke nan, ban kuma yi nadama ba. Amma wuri guda ne a duniya inda mahaifiyata ke dubana, shi ne ƙarshen wannan takarda.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na rubuta babin da wannan tsawo. A babbar Sallar da ta wuce na je gidan ɗana Bashiru, na tarar da hoton a bangon falonsa, an ƙara masa girma, an sa shi a gilashi, har an shafa masa launi. Na yi murna daga bakin ƙofa. Da na matsa na sa tabarau, sai na ga Alhaji da Kaka kaɗai suka fito. Duk wanda ke bayansu an dusashe shi da gangan. Na tambaya, jikana Nazifi ya amsa mini yana fara'a.

"Haka ake yayi yanzu. Waya ce ke yi da kanta, tana dusashe baya don na gaba ya fito sosai. Ai bayan hoto ne kawai."

Bayan hoto! Na ɗage maganar zuwa yau, domin ranar Salla ce kuma akwai baƙi.

Saboda haka, a matsayina na babba a wannan zuriya kuma wanda ya ɗauki hoton, ina gabatar da buƙata ga Bashiru da 'yan'uwansa. A bincika a sanar da ni wanda ya ba da izinin taɓa hoton, da ko an aika wa danginmu na Ƙonni irinsa, domin in an aika a bi shi da gyara. Ba na neman a hukunta Nazifi. Yaro ne, ba a gaya masa ba, kuma laifin rashin gaya masa na iyayensa ne. A sauke abin da ke bangon nan. Fim ɗin asali yana wurina, lafiyarsa lau. A zo a karɓa, a kai wa wanda ya san aikinsa ya wanko shi da girman wancan, ba tare da launi ba, ba tare da an taɓa ko kusurwa ba, a dawo mini da fim ɗina hannu da hannu. In an rataya shi, a tara yaran gidan a gabansa, a fara nuna musu daga ƙarshe, daga matar da ke tsaye wajen randa, a faɗa musu ko wace ce. Sau ɗaya ta ɗaga kanta domin a gan ta, kuma muddin ina numfashi za a gan ta.

Ina jiran amsa a rubuce kafin watan azumi ya kama.